Inda Saƙon Halilu Ya Maƙale

Labiba tana kwashe ƙosai daga kasko a bakin titin Zongo na Cotonou, da hantsin wata Talata, labarin ya iske ta. Laouali ne ya kawo shi, sakataren ƙungiyar masu manyan motoci, wanda kullum yakan tsaya ya sha koko ya yi mata tsiya a kan yajinta. Ran nan ko gaisuwar kirki bai yi ba. Ya sauko daga zemijan, wato babur ɗin haya, ya tsaya yana murza hularsa.

"Matar Halilu, an ga motar," in ji shi.

"Alhamdu lillahi. Shi fa?"

"Motar kaɗai aka gani. Can arewa, kusa da Guéné, an tura ta cikin daji. Babu shinkafa ko buhu ɗaya. Shi ma babu shi."

Ƙosan da ya rage a cikin mai ya ƙone ƙurmus, sai maƙwabciyarta ce ta sauke kaskon.

Halilu mijinta direban Alhaji Maharazu ne tun zamanin mulkin juyin juya hali da kowa ke kiran kowa kamarad. Daga tashar jirgin ruwa ta Cotonou yake ɗaukar kaya ya kai Yamai, kuma ba a taɓa cewa ko mudu ɗaya ya ɓata a hannunsa ba. Amma a wannan tafiya mataimakinsa, Kassoum, ya dawo shi kaɗai. Ya ce a Parakou Halilu ya sauke shi, ya ce masa ya koma gida, akwai wani aboki da zai raka shi sauran hanya. Tun daga nan wayar Halilu a kashe take.

Kafin la'asar Zongo ta gama yanke hukunci. Wasu suka ce an gan shi a Lome da sabuwar babbar riga. Wasu suka ce dama mai shiru-shiru abin tsoro ne. Masu sayen koko suka fara tsallakawa wancan ɓangaren titi. Abin da ya fi ci wa Labiba rai shi ne ranar da 'yarsu Asiya ta dawo daga lakwal, wato makaranta, ta jefar da jakarta, ta ce ba za ta koma ba, don an rubuta mata "'yar ɓarawo" a kan tebur.

A daren da ya biyo baya Labiba ba ta yi kuka ba. Da gari ya waye ta ɗaura mayafi ta nufi gidan Baba Mounkaïla.

*

Baba Mounkaïla Bazabarme ne, tsoho siriri, mai ƙaramin gemu. A ƙuruciyarsa sawun shanun sata yake bi a dajin Dosso. Da ya sauko Cotonou babu shanu, sai ya koma bin baburan da aka sace da kayan da suka yi ɓatan kai a hanya. Ta same shi a zaure yana gyaran rediyo da tsinken ashana.

"Baba, sun ce Baban Asiya ɓarawo ne."

"Na ji. Ke me kika ce?"

"Ni na ce ƙarya ne."

"Kowace mace haka take cewa, 'yata. Ba ni abin da zan riƙe."

Ta ce, "In ya ci goro a mota, sai ya faɗa wa Alhaji ya ci goro."

Tsohon ya yi dariya har rediyon ya faɗi. "Wannan ba shaida ba ce, amma ta ishe ni sa takalmi. Sai dai ki sani, ni abin da na gani nake faɗa. In na tarar ya sata, zan zo in gaya miki ya sata."

"Na yarda," in ji ta.

*

An jawo motar zuwa garejin ƙungiya. Mounkaïla ya tafi da Labiba don ta nuna masa abin mijinta da wanda ba nasa ba. Ya daɗe yana zagaya motar bai taɓa komai ba, kamar mai neman aure. Daga baya ya hau ya zauna a kujerar direba. Gwiwoyinsa suka bugi sitiyari.

"Mijinki gajere ne?"

"Sai ya sunkuya yake shiga ɗakinmu."

"To wanda ya tuƙa motar nan a ƙarshe ba shi ba ne. An jawo kujerar gaba."

Alhaji Maharazu, mai motar kuma parzidan, wato shugaban ƙungiya, yana tsaye da carbi a hannu. Ya ce, "Ai abokin satar tasa ne, Malam Mounkaïla. Kassoum ya faɗa mana akwai aboki."

"Zai yiwu, Alhaji."

Tsohon ya zura hannu ƙarƙashin kujera ya jawo buta, da darduma a naɗe, da takalman fata guda biyu. Labiba ta dafe ƙirji. Ita ta kai takalman nan aka sake musu dunduniya kafin ya tafi.

"Da su yake tuƙi?"

"A'a, Baba. Cire su yake in ya hau, wai ƙafarsa ta fi jin birki. In zai sauka ya saka."

Mounkaïla ya juya takalman yana kallon ƙasansu. "Alhaji, na bi ɓarayi da yawa. Ban taɓa ganin wanda ya shirya gudu ya bar takalminsa ba. Mutumin nan bai sauka da ƙafarsa ba. Ɗauke shi aka yi."

Labiba ta rungume takalman, ba ta san ko murna za ta yi ko tsoro ba.

*

Kwanakin da suka biyo baya duk wahala ce. Aka ce akwai wani ɗan kasuwa a unguwar Agla da ke sayar da shinkafa mai irin tambarin waccan. Suka hau zemijan cikin ruwan sama suka je, ashe mutumin daga jirgi ɗaya ya sayi tasa, ga shaidu har da na banza. Matarsa ta bi su da zagi cikin yaren Fon har bakin titi. Aka ce Alhaji da kansa ya shirya abin don ya ci inshora. Mounkaïla ya bincika, ya tarar kayan ba su da inshorar ma.

Ya kira Kassoum. Namiji ne cikakke, ɗan Gaya, gajere kakkaura, yana da farmi, wato lasisin tuƙi, tun da daɗewa amma bai taɓa samun motar kansa ba. Ya maimaita labarinsa tsaf, bai ƙara ba bai rage ba.

"Abokin nan, ka gan shi?"

"Ban gan shi ba, Baba."

"Kai ma gajere ne."

"Rabin Zongo gajeru ne, Baba. Har Alhaji."

"Gaskiyarka," in ji Mounkaïla, ya sallame shi.

Da suka fito Labiba ta ce, "Shi ne, ko?"

"Ban sani ba. Tsawon mutum ba laifi ba ne. Bari mu bar ɓarawo tukuna, mu nemi mijinki. Wanda aka ɗauka, wani wuri aka ajiye shi. In a hannun mutanen kirki ya faɗa, suna can suna neman danginsa. Tambayar ita ce, ta wace ƙofa za su ƙwanƙwasa?"

*

Biron ƙungiya ɗaki ɗaya ne a saman wani shagon taya, da fanka mai ƙara da ordinata, wato kwamfuta, a lulluɓe da tsohon zane. Mounkaïla ya zauna ya sa Laouali ya faɗa masa duk hanyar da labari ke shigowa.

"Waya, Baba. Da bakin direbobi, wanda ya fi waya sauri. Da akwatin gidan waya."

"Shi ke nan?"

"Sai shafin intanet, amma wannan ado ne."

"Wane irin ado?"

Laouali ya yi bayani. Lokacin da ƙungiya ta daina naɗa shugaba ta koma jefa ƙuri'a kamar yadda ƙasa ta koma, Alhaji Maharazu ya yi alkawari a wurin kamfe. Ya ce an gama zamanin sai kana da kawu. Za a buɗe shafi, duk mai neman mota ko mai ƙorafi ya shiga ya cike gurbi ya tura, saƙon ya faɗo akwatin mel na biro, a bi layi. Wani saurayi ya haɗa musu shafin, aka yanka rago, daga baya ya tafi Libreville. Mutane kuwa suka tafa, suka ci naman, suka ci gaba da zuwa gaida Alhaji da asuba kamar da.

"Saƙo nawa ya shigo ta nan?"

"Wallahi ko ɗaya. Kullum ina buɗe akwatin. Tun ranar rago har yau."

"Ko ɗaya? Ko na mahaukaci? Ko na mai talla?"

"Ko ɗaya, Baba."

Mounkaïla ya miƙe. "Ni dai ban san injin nan ba. Amma na san hanya. Duk hanyar da aka share, ko mutum bai bi ba akuya za ta bi. In ka ga babu sawun komai, to akwai rami a tsakiya. Wa ya san abin nan a Zongo?"

"Assibi," in ji Laouali.

Tsohon ya ɓata fuska. "Bagobirar nan? Allah ya isa."

*

Assibi tana da sibar, wato shagon da ake biya a shiga intanet, kusa da babban masallaci, kuma tana koyarwa a jami'ar Abomey-Calavi. Mace ce mai jiki da murya, ga tsagen Gobir a kumatu. Da ta hango Mounkaïla ta daga murya.

"Ku ɓoye abinci, ga Bazabarme!"

"Baiwata, tashi ki gaida ubangidanki."

"Ubangida da takalmin roba? Me aka sace, tsoho, ko hankalinka ne har yanzu ba a gano ba?"

Da ta ga fuskar Labiba sai ta bar wasan nan na Gobirawa da Zabarmawa. Ta ba ta kujera, ta saurara. Sannan ta buɗe shafin ƙungiya a wata ordinata, ta cike gurbin da sunanta, ta rubuta "gwaji", ta tura. Ta sa Laouali ya buɗe akwatin biro a ta kusa. Suka jira. Babu abin da ya shigo.

"Ka ga raminka, tsoho," in ji ta. "Laouali, wannan ɗan rubutun na gefe, ka taɓa danna shi?"

"Wanda ya haɗa mana ya ce shara ce, kada in taɓa, cuta ke ciki."

"Yau za mu tona shara."

Ta danna. Saƙonni suka zubo, yawancinsu tallan magani da na caca. A saman su duka ga "gwaji" na Assibi.

"To me ya kai shi can?" in ji Mounkaïla.

"Zan faɗa maka da yarenka. Kamfanin da ke riƙe da akwatin nan yana da mai gadi, inji ne, ba ya barci. Duk saƙon da ya zo sai ya duba abu biyu, sunan wanda ya aiko da kuma gidan da saƙon ya fito. Shi shafin nan, in mutum ya cike gurbi, ba mutumin ne ke aikawa ba. Wani ɗan aike ne na inji a cikin shafin yake ɗauka ya tura. Wanda ya haɗa shi kuma ya sa ɗan aiken ya riƙa ɗaura sunan mai rubutun a goshi. Ka ga nawa? Sunana ne a kai, amma ba daga gidan mel ɗina ya fito ba."

"Saniya da tambarin wani, sawunta kuma daga garken wani," in ji tsohon. "Ni ma da na kama ta."

"Ashe akwai sauran ƙwaƙwalwa. Bayan haka, gidan da aka kama wa shafin haya mai araha ne, ɗaruruwan shafuka ne a ciki, har da na yaran nan 'yan damfara. Mai gadi ya riga ya san ƙofar. Duk wanda ya fito daga cikinta, ko liman ne, kallon ɓarawo yake yi masa."

Labiba ta ji wannan maganar har cikin ƙashinta.

Assibi tana gangarawa ƙasa tana karanta kawunan saƙonni, sai hannunta ya tsaya. Akwai guda uku daga mutum ɗaya, wata Madam Bona. Kan na ƙarshe da Faransanci yake, kuma ko Labiba da ba ta yi nisa a lakwal ba ta gane kalmar mutuwa.

"Wannan ai irin na 'yan damfara ne," in ji Laouali da sauri. "Wani ya mutu, muna neman danginsa, ku amsa da gaggawa. Kullum haka suke rubutawa."

"Shi ya sa mai gadi bai yi ko shakka ba," in ji Assibi a hankali. "Amma ɗan damfara ba ya cewa mamacin ya zo babu takalmi."

Ta juyo ta kama hannun Labiba. "Yaya, in karanta?"

"Karanta daga na farko."

Madam Bona ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibitin ƙauye bayan Kandi. A na farko ta ce an kawo musu wani dogon mutum, ɓarin jikinsa ya shanye, ba ya magana, babu takarda a jikinsa, an ce ɗan ƙungiyarsu ne. A na biyu ta ce yana shan kunu kaɗan-kaɗan, yana kallon ƙofa, don Allah wani ya zo. A na uku ta ce ya cika da safiyar Juma'a.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Mounkaïla, ya cire hularsa.

Labiba ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa. Yana kallon ƙofa. Wannan kalmar ce ta tsaya mata. Duk kwanakin da take bin shinkafa a Agla, yana can yana kallon ƙofa.

Assibi ta ce akwatin nan yakan share kansa in saƙo ya kai wata guda, da sun ƙara jinkiri kaɗan da babu abin da za su tarar. Ta fara buga saƙonnin a takarda. Matan unguwa suka zo suka kama Labiba za su kai ta gida. Tana fita ta ji muryar tsohon a bayanta.

"Baiwata, wancan na ƙasa fa, mai sunan mutanenmu? Karanta mini shi."

*

Labiba ta shiga takaba. Mounkaïla ya hau motar arewa shi kaɗai, ya yi kwanaki, ya dawo da jar ƙasa a ƙafar wandonsa. Ya tsaya a bakin ƙofarta, labule tsakaninsu.

"Na ga kabarinsa, 'yata. A ƙarƙashin wata ɗorawa yake, an kewaye shi da duwatsu. Matar nan Kirista ce, ba ta san ko shi wane ne ba. Amma ta ce kullum in rana ta karkata sai ya miƙa hannunsa mai lafiya ya dafa bango ya shafa fuska. Ta tambayi wata mai shara, aka ce mata taimama yake yi. Sai ta aika aka kira limamin ƙauyen. Shi ya riƙa zuwa yana zama da shi. Su suka yi masa wanka, suka yi masa sutura, sahu uku suka yi masa salla."

Labiba ta yi kuka a lokacin, irin wanda ba ta yi ba tun farko. Da ta lafa ta ce, "Wa ya kai shi?"

"Gobe za a yi addu'a a gidan nan. Ki zauna kusa da labule."

*

Zongo ta cika gidan. Waɗanda suka tsallaka titi don kada su sayi kokonta su ne a sahun gaba. Bayan an shafa fatiha Mounkaïla ya roƙi Alhaji Maharazu da Laouali da Kassoum da liman da wasu dattawa su dakata a tsakar gida. Assibi ta zauna a gefe da takardunta.

"Halilu bai gudu ba," in ji tsohon. "Ciwo ne ya buge shi a hanya. Wani mutum ya kai shi asibiti cikin ruwan sama, sanye da rigar ruwa mai hula, ya ce a bakin titi ya tsince shi, amma ya san ɗan ƙungiyar direbobi ne. Madam Bona ba ta ga fuskarsa sosai ba. Ta ce ba za ta bar shi ya tafi ba sai ya ba ta hanyar samun dangi. To ku faɗa mini, jama'a. A Zongo in an ce maka ba ni hanyar samun wane, me kake bayarwa?"

"Lambar waya," in ji liman.

"Lambar Alhaji a rubuce take a ƙofar kowace mota. Amma mutumin nan bai ba da lamba ba. Adireshin shafin ƙungiya ya ba ta. Da ka ya faɗa, harafi bayan harafi, tana rubutawa. Alhaji, kai ka yanka rago. Faɗa mana adireshin."

Alhaji ya yi tari. "Yana farawa da... ai yana jikin kalanda."

"Laouali?"

Laouali ya fara, ya kai tsakiya ya rikice. Wani dattijo ya yi dariya, ya tuna gidan makoki ne ya haɗiye.

"Wanda ya haddace shi, ya sha rubuta shi ne. Kuma ya zaɓe shi ne don ya san ƙofa ce da ba a buɗewa. Ya fita daga hannun matar, kuma labari ba zai iso ba. Mu duka nan mun ɗauka shafin yana aiki, mutane ne ba sa rubutowa. Mutum ɗaya ne ya san ana rubutowa ba a amsawa. Akwai wanda ya taɓa rubuto wa ƙungiya ta shafin nan?"

Kassoum yana kallon tabarma.

"Baiwata, karanta."

Assibi ta karanta. An turo shi ana saura kwana kaɗan motar Halilu ta tashi. Mai rubutun ya ce shi baƙo ne, ba shi da kawu a Zongo, ya ji an ce yanzu layi ake bi, ya gaskata. Ya ce ya rubuto har ya gaji yana neman a ba shi mota, ko a ce masa a'a ba a yi ba. Ya ce yanzu ya gane babu mai karanta abin da ya shigo ta nan, wannan ne na ƙarshe. A ƙasa ga suna, Kassoum.

Kassoum bai yi musu ba. Ya sa fuskarsa cikin tafukansa. Ya ce bai shirya ba. Ya ce da ya fito daga asibitin ya ga mota cike da kaya, makulli a hannunsa, babu mai kallo, sai zuciyarsa ta ce masa mutanen da ba su ga darajar amsa maka ba, me ka haɗa da su. Ya sayar da shinkafar a bakin iyaka, ya jefa wayar Halilu a kogi. Ya ce ya ɗauka Halilu zai warke ya dawo, kafin nan shi ya gudu, amma ya kasa gudun.

"Ba raina ka aka yi ba, wawa," in ji Assibi, idonta da hawaye. "Babu wanda ya gani."

Alhaji Maharazu ya sunkuyar da kai, carbinsa ya tsaya.

Daga bayan labule muryar Labiba ta fito. "Kassoum."

"Na'am, Yaya."

"Ka ci tuwona. Ka bari aka kira 'yata 'yar ɓarawo, kana ji. Wannan tsakaninka da Allah da hukuma. Abu ɗaya nake so. Ya yi magana kafin bakinsa ya rufe?"

"Ya yi. Muna gangara, ya ji abin ya taso masa. Akwai kasuwar ƙauye a gabanmu. Ya taka birki da ƙafar da ta rage masa har motar ta tsaya. Ya ce, Kassoum, ja birkin hannu, akwai mutane."

"Shi ne," in ji Labiba. "Ku tafi da shi."

*

Jandarmomi suka tafi da Kassoum. Ranar Juma'a liman ya tsaya a gaban jama'a ya faɗi yadda Halilu ya rasu da abin da ya yi a gangaren nan, ya ce duk wanda ya ci namansa ya je ya nemi gafarar iyalinsa. Sun zo, wasu da kunya, wasu da buhun gero. Asiya ta koma lakwal. Maîtresse, malamarsu, da kanta ta kankare teburin.

Assibi ta kwashe shafin daga wancan gidan haya ta mai da shi wani mai mutunci. Ta gyara ɗan aiken ya riƙa zuwa da sunan ƙungiya a goshi, sunan mai rubutu kuma a ciki. Saƙonni suka fara shigowa ta ƙofar gaba, har Alhaji ya ba wasu baƙi biyu mota ba tare da sun zo gaisuwar asuba ba. Amma ta gargaɗe su cewa mai gadin inji ne, wata rana zai sake kuskure.

Da Labiba ta fita takaba ta je ƙauyen ita da Asiya. Ta kai wa Madam Bona turmin atamfa. Ba su da yare ɗaya sai ɗan Faransancin Asiya, suka zauna a benci suna riƙe da hannun juna har mota ta zo.

Ta koma bakin kaskonta. Yanzu kullum in ta sauke na ƙarshe, takan ƙunsa ƙosai a takarda ta hau matakalar biron nan na saman shagon taya, tana hutawa a tsakiya saboda gwiwa. Takan ajiye ƙunshin a kan tebur ta tsaya a bayan Laouali.

"Buɗe sharar."

Yakan buɗe, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa yana karanta mata, masu magani da masu caca da masu gadon ƙarya. Ba ta yarda ya tsallake ko ɗaya.

"Babu kowa yau, matar Halilu."

"To madalla. Rufe."

Sai ta sauka ta je ta wanke kaskonta.